Yadda Ja Ya Ƙare a Garken Unguwarmu

Ku da kuke zaune a inuwa kuna cewa kiwon awaki aikin wanda ya rasa abin yi ne, ku matso kusa. Kunnena ya yi nauyi, amma ba kamar yadda kuke zato ba. Jiya na ji ɗayanku, mai agogon nan da ba ya tafiya, yana koya wa 'yan'uwansa sana'ata. Wai in kana son jajayen awaki, sai ka samo jan bunsuru ka sake shi cikin jajayen mata, ka nemi gindin bishiya ka kwanta. Sauran suka ce ƙwarai kuwa, alhali a cikinsu babu wanda zai riƙe ɗan akuya a ɗura masa magani bai kuɓuce masa ba. Ni Bawa, tun Nasara suna sabon shiga Sakkwato nake bin bayan awaki. Abu ɗaya na yi rayuwata ina tsaro, jan jinin garken unguwarmu, kuma zan gaya muku yadda muka ƙare da shi.

A zamaninmu kowace unguwa da makiyayinta. Awakin ba nasa ba ne, na matan gida ne, wata tana da 'yan kaɗan, wata guda ɗaya tal da take ji da ita kamar 'yar auta. Da hantsi mu bi lungu muna kira, a buɗe ƙyaure a sako su, mu gangara fadamar Rima. In rani ya yi nisa mu miƙa hanyar Wamakko neman ganye. Da la'asar mu dawo, kowace ta san ƙofar gidansu. Wannan shi ne abin da kuke gani, kuma shi kam ko jaki aka ɗaura wa sanda zai yi. Abin da ba ku sani ba, unguwarmu ta majema ce, kuma majemi ba ya ɗora tukunya sai da fatar jar akuya. Ita ce mai laushi da ƙarfi a haɗe, in ta sha bagaruwa ta sha rini sai ka dunƙule ta a tafin hannu ta buɗe ba karaya. Tun ba a haifi kakana ba fatake ke loda ta a raƙuma su yi arewa da ita. Fatar mai roɗi-roɗi kuwa, ko ta dogayen fararen awakin arewa, sai dai a yi guga ko salka. Saboda haka in garke ya lalace ba ni kaɗai zan ji a jikina ba, rabin unguwa ne.

Aikin farko da maigidana Baba Nomau ya sa ni, ko sanda bai ba ni ba. Ya tsayar da ni a bakin mashaya, duk akuyar da ta sauko ya nuna ta da haɓa ya ce, "Wagga, ɗiyar wace ta? Wane na ubanta?" Na ce uwa dai zan iya sani, amma uba ai sai Allah. Ya ce, "To kai makiyayi na, ko mai rakiya?" Na yi shekaru ina haddace dangin awaki kamar mai shirin raba musu gado: wace ta haifi wace, wane bunsuru ya bi wace a wane wata, kakar wannan daga gidan wa aka sayo ta. In na yi kuskure ba ya duka. Sai ya kira ni mai rakiya a gaban mata masu ɗibar ruwa, kuma da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Amfanin wannan wahala ban gan shi ba sai ranar da aka kira mu gidan Inna Kulu, wata tsohuwa mai dakan fura da mijinta ya rasu. Akuyarta ja ce jawur, bunsurun da ya bi ta ja ne, ni da idona na gani, amma sai ta haifo ɗa mai farin goshi da fararen ƙafafu kamar ya taka gari. Tun daga zaure ta tare mu.

"Nomau, hatsina nika ba ka, kai ko ka bar baƙon bunsuru shina hawa min akuya?"

Baba Nomau ya ɗaga ɗan ya juya shi, ya ce, "Ba baƙo ba na, Kulu. Kakar uwatai ta dawo. Ba ki tuna hwarar akuyar da anka ba ki gudummawa ran bukinki?"

Ta ce ai waccan ta mutu tun tuni.

Ya ce, "Ita ta mutu. Abin da tab bari bai mutu ba."

A hanyar komawa ya yi mini bayanin da ku masu agogo ba ku taɓa ji ba. Kowane ɗan akuya rabo biyu yake ɗauke da shi, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wanda ya fi ƙarfi shi ke fitowa a gashi. Ɗayan ya yi lamo a ciki, ya bi jini daga uwa zuwa 'ya, har ranar da zai gamu da irinsa daga wajen uba, sai su fito fili. Wato bunsurun nan ma da muke ta yabo yana ɗauke da nasa farin a ɓoye. Ja iri biyu ne, in ji shi, akwai na gashi akwai na jini, kuma ido na gashin kawai yake gani. Na jini sai ka jira 'ya'ya. Bunsurun da ya bi awaki da yawa, haihuwa bayan haihuwa ba a ga tabo ba, shi muke kira tabbatacce, kuma ba a sayen irinsa a kasuwa, don ba wanda zai buɗe baki ya duba haƙora ya gane shi. Washegari muka fiɗiye wancan bunsurun duk da kyansa.

Fiɗiya ita ce rabin sana'ar, kuma ita ta jawo mini zagin da zai ishe ni har kabari. Kayan aikin ba su da yawa: aska mai kaifi wadda ba a aske kai da ita, toka mai ɗumi daga murhu, igiyar rama, sai gwiwar da za ta danne. Da sassafe ake yi kafin ƙudaje su tashi, kuma ba a yi da damina. Ka kayar da shi, ka tsaga, ka murɗe jijiyar ka ja. Ba a yanke ta, in ka yanke jini zai ƙarar da shi kafin azahar. Ka cika wurin da toka ka sake shi. Wasu dandaƙa suke yi da ƙota, Baba Nomau yana cewa wannan aikin ragwaye ne, don sau da yawa wanda aka dandaƙe yakan warke ya koma bin mata. Hannu kam ba ya daɗewa bai iya ba. Abin da ke cin shekaru shi ne sanin wanda za a kayar da wanda za a bari, sai kuma fama da masu su. Kowace mace bunsurunta ya fi na kowa. Ka ce mata yana da baƙin layi a gadon baya, ta ce ado ne. Wata ta ce mai albarka ne, ranar da aka haife shi mijinta ya dawo daga fatauci. In mai shi ta kafe, sai mu ɗaura masa walki, wato guntun fata a ƙarƙashin ciki, ya yi ta hawa a banza. Akwai wadda ta turo mijinta har gida yana huci, wai mun sa wa bunsurunsu bante mun kunyata gidan. Baba Nomau ya ce masa za a cire, in dai zai riƙa zuwa fadama da kansa yana tsare shi. Ba mu sake ganinsa ba.

Sai tsaron mashaya, wanda ku za ku ce zaman banza ne. Garken wata unguwa ko na baƙi ya sauko daidai da naka, ka juya ka sha ruwa, kafin ka ɗago wani ƙazamin bunsuru ya gama da akuyar da ka yi shekaru kana tattali. Abin da zai saka mata a wannan ƙiftawar ido, jikokinta ma ba za su gama fitar da shi ba. Ba a kuma barin bunsuru ya daɗe har ya koma bin 'ya'yansa, don 'ya'yan sukan zo ƙanana marasa ƙwari. Shi ya sa Baba Nomau yake musayar tabbatattu da wani makiyayi abokinsa a ƙauye bayan gulbi, ya ba shi namu ya karɓo nasa, kowa ya san dangin na ɗan'uwansa.

Baba Nomau ya taɓa nuna mini abin gaba ɗaya da ƙwaryar dawa, ja da fara a gauraye. Ya ce babu ƙwayar da za ta sake launinta ko shekara nawa ta yi a ƙwaryar. Amma in kullum jar kake tsincewa ka kai tukunya, abin da ya rage ka ajiye iri, kada ka zo mini da kuka in gonarka ta fito fara. Akuya ba ta sakewa, garke ne ke sakewa, kuma a hankali yake yi, kowace haihuwa a ƙaru kaɗan nan a ragu kaɗan can. Matar da ke da akuya biyu ba za ta taɓa ganin haka ba. Sai wanda ke tsaye a mashaya yana kallonsu duka a tare.

Ban daɗe da karɓar sandar ba 'yan kanti suka shigo sayen fata. Turawa ne da akawunsu, suka kafa rumfa da ma'auni, kuma ja suke so, ja tsantsa. Su ware ta gefe su biya ta da daraja, mai tabo su jefar kamar tsumma. Za ku ce ai shi ke nan, kowa zai riƙa tattalin ja. Haka mai hankali zai zata, shi ya sa na san ba ku san mutanen garin nan ba. Duk ɗan bunsurun da ya fito jawur, kafin ƙahonsa ya kai tsawon yatsa dillali ya yi sallama, mahauci ya yanka, fata ta tafi kanti. Mai tabo kuwa ba mai taya shi, sai a bar shi ya girma don nama, a hana ni taɓa shi wai kada ya rame, kuma kafin a tuna da shi ya bi rabin unguwa. Matan awakin ma haka. Suna ya zo, ko haraji ya matso, jar ake kamawa don ita ce mai tsada. Na bi gida gida ina cewa ku bar mini ko ɗaya a cikin masu kyau, a ce mini ai akwai a gidan maƙwabta. Kowane gida ya dogara da maƙwabcinsa, maƙwabcin kuwa ya riga ya sayar.

A mashaya na fara gani. Da, in garke ya sauko rana ta doke shi, tudun nan gaba ɗaya ja yake komawa, mai tabo sai ka neme shi. Bayan 'yan shekaru sai ga farin goshi nan, ga baƙar ƙafa can. Na je na gaya wa Alu, sarkin majeman unguwarmu, ƙaton mutum mai murya, wanda ya iya jima ƙwarai amma bai taɓa tambayar kansa daga ina fata take fitowa ba. Ya ce, "Bawa, tun kakanninmu awakin Sakkwato jajaye na. Allah Ya yi su hakanan. Kai kaz zuba musu rini da za ka ce shina ƙarewa?" Na ce ba ni na zuba ba, amma ni da Nomau da wanda ya koya wa Nomau mu muka hana shi zubewa. Ya yi dariya ya ɓara goro ya ba ni rabi.

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba. Ba sai na ba ku labarin yunwa ba, kakanninku sun ci abin da ba za su gaya muku ba. Ni abin da ya shafe ni biyu ne. Mutanen arewa suka kwararo da dogayen fararen awakinsu suna bayarwa a kan ɗan hatsi, matan unguwa suka ga arha suka saya, aka sako mini su cikin garke har da bunsuransu. Dabbar da yunwa ta cinye in ka tsaga ta mutuwa take yi, dole na ajiye aska na koma walki, walkin kuma awaki suka riƙa cinye igiyarsa don yunwa. Sannan tari ya biyo bayansu. Akuya ta kwana lafiya, da safe ta tsaya ta miƙe wuya tana nishi hanci na zuba, jibi a ja ta waje. Ciwon nan bai san ja ba bai san fari ba, ɗiba kawai yake kamar makaho ya sa hannu a ƙwarya. Da ya gama, abin da ya bar mana ba mafi kyau ba ne, ba kuma mafi ƙarfi ba, wanda kwanansa bai ƙare ba ne kawai. A wata unguwa na ji jajaye suka fi tsira. A tamu aka yi rashin sa'a. Abokin musayarmu na bayan gulbi ko turke bai tsira da shi ba, Baba Nomau kuma a shekarar ya rasu, ya huta da ganin abin da ya rage.

Tabbatattunmu duk suka tafi sai ɗaya, na Inna Kulu, wanda take kira Garwashi. Daga wata akuya ya fito da ta saya bayan ta rabu da zuriyar mai farin goshi. Kafin yunwa ya bi awaki da dama, kuma ban taɓa ɗaga ɗansa na ga tabo ba, ko da uwar mai tabo ce. Sai dai mazan cikin 'ya'yan nan, kanti da tari sun riga sun kwashe su. Gajere ne mai faɗin ƙirji, jansa har ɗaukar ido yake, ga wari kamar me. Tsohuwar nan dusar da za ta dama ta sha ita take raba masa. Na duba na ga in aka bar mini shi ya yi 'yan shekaru, na fiɗiye duk namijin da ba shi ba, na tsare 'ya'yansa maza har in gane tabbatattu a cikinsu, garken zai dawo. Ba da sauri ba, amma zai dawo. Ko fadama na daina fita da shi don kura da ɓarayi, matan awakin nake kai masa har gida in sun nema. Da ruwa ya sauka ciyawa ta fito, ya bi kaɗan daga ciki. Sauran ba su gama mayar da jiki ba tukuna.

Ana cikin haka labari ya zo cewa sabon Baturen kanti yana neman unguwa ɗaya da zai riƙa sayen fatarta gaba ɗaya, kuma shugabannin majema za su je bariki gaisuwa. Kun san halinmu. Ba a zuwa gaban babba hannu rabbana, ba a kuma kai masa na biyu alhali na ɗaya yana gida, wannan abin gori ne har jikoki. Wata unguwa ta tanadi rago, wata talo-talo da ƙwai. Alu ya ce su majema ne, abin da za su kai shi ne wanda zai nuna wa Bature irin awakinsu. Ba su zo wurina ba, sun san amsata. Gidan Inna Kulu suka nufa, shi da mai unguwa, ita kuma ta aiko a kira ni.

Na same su a tsakar gida, Garwashi yana ɗaure a turke yana tuƙa. Na gaida mai unguwa na ce, "Ranka shi daɗe, in nama a ka so, ina da taure mai ƙiba. In kyawo a ka so, shi ma ja na jawur. Bature ba shi gane bambanci."

Alu ya ce, "Bature ba shi ganewa, mutanen gari suna ganewa. A ce majeman unguwag ga sun ɓoye na ɗaya sun kai wanda anka hiɗiye? Da wane ido za mu hita kasuwa?"

Na ce, "Sarki, wanga ba bunsuru guda na ba. Duk hwatar da za ka jeme nan gaba tana cikin jikinai. Ku ba ni damina biyu in samu ɗiyanai, sannan ku kai shi inda kunka ga dama, ni ka ja muku igiya."

"Damina biyu? Gobe a ka gaisuwa, Bawa. Ramukan jima sun bushe, mutanena sun shekara ba su ga aiki ba. In wata unguwa ta amshe cinikin ga, ɗiyan bunsurunka za mu ci?"

Ba ƙarya ya yi ba. Na ga gidajen majema a shekarar nan, na san wanda ya sayar da ƙyauren ɗakinsa. Amma da na ga sun fi tsoron gorin kasuwa a kan abin da nake gaya musu, sai na san magana ta ƙare. Mai unguwa ya juya wajen tsohuwar.

"Inna, ba ni ka roƙo ba, unguwa ta. Kuma Bature ba yanka shi zai yi ba. Mutanen ga suna son dabba mai kyawo, kiwonai zai yi. In ya ga dama ma shi maido."

Inna Kulu ta dube ni, na girgiza kai. Ta dubi mai unguwa, mutumin da ya tsaya a kan jana'izar mijinta. Ta ce, "Bawa, ƙaƙa zan yi? Mai unguwa ya tako har ƙohwar ɗakina." Ta kwance igiyar da hannunta ta miƙa. Ko musaya ba ta karɓa ba, wai ba a ciniki da abin gaisuwa. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba, na fita ban yi wa kowa sallama ba.

Washegari aka wanke shi, aka shafa masa mai a ƙaho, aka sa masa sabuwar igiya, aka tafi da maroƙi a gaba. Waɗanda suka je sun ce Bature ya fito ya zagaya shi ya shafa bayansa, ya ce ta bakin tafinta bai taɓa ganin irinsa ba, in dai haka awakinsu suke to cinikin nasu ne. Alu ya dawo mata suna guɗa. Ni kuwa da gari ya waye na ja taurena da wani da na aro, na nufi bariki in roƙi kuku musaya. Tun daga bayan kicin na hango abin da na hango. Bature ba ya cin bunsuru, wai wari, tun jiya ya ba ma'aikatan gidansa, masu gadi da masu doki suka raba. Fatar tana shanye a ƙasa cikin rana tsaka, an feɗe ta da wuƙar yanka albasa, duk huda, ko guga ba za ta yi ba. Kukun ya tambaye ni ko taurayen na sayarwa ne. Na juyo da abina.

'Yan awakin da ya riga ya bi suka haihu, jajaye kamar yadda na sani. Na sa ido a kan mazan, su ne abin da ya rage mini. To amma yanzu akwai alkawari da kanti, kayan farko dole su cika, jar fata kuma ta yi wuya a gari. Dillalan Alu suka bi gida gida da tayin da matar da ta fito daga yunwa ba za ta iya ƙi ba. Na yi roƙo, na yi zagi, har na ɓoye ɗaya a gidan ƙanwata, mai shi ta zo da kuka ta karɓe abinta. Kafin su isa hawa duk sun zama fata. Na je kasuwar Wamakko na sayo jan bunsuru kyakkyawa, irin wanda mai agogo zai gani ya ce shi ke nan. 'Ya'yansa na farko suka zo kamar an watsa musu farar ƙasa. Na sake wani, shi ma haka. Kowane gwaji shekara yake ci, dogayen arewa kuwa ba jirana suke ba. Jan bai mutu ƙurmus ba, har yau yakan faɗo a wani gida a yi ta murna, amma ya zama baƙo a garken da a da shi ne mai gida.

Da kaya suka riƙa zuwa kanti rabi tabo, Bature ya aiko da gargaɗi, ya sake aikowa, sannan ya ce in na gaba ba su cika ja ba zai koma wata unguwa. Ran nan Alu ya gangaro fadama da kansa, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Ya rame, riga ta yi masa yawa. Ya tsaya kusa da ni a bakin mashaya garke yana saukowa, fari da baƙi da roɗi-roɗi, dogaye da gajeru. Ya daɗe yana bin su da ido ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya yi magana a hankali, ba da muryar da na san shi da ita ba.

"Bawa, don Allah, ina jajayen?"

Na ce, "Kun kai su gaisuwa, Sarki. Dukansu, bisa igiya guda."

Ya tsuguna ya wanke fuskarsa, ya hau tudu ya nufi gari, ni kuma na kaɗa abin da ya rage muka bi bayansa.